Mu Koyi Faransanci: 'Yar Malafar Da Ke Kan "Fût"

Da fatan karatu yana tafiya daidai, kuma kowa ya gwada aikin da na bayar a makon jiya a kan passé simple. Amsoshin suna ƙarshen shafi. Wanda bai yi aikin ba ya koma ya yi, domin darasin yau a kan wancan aka ɗora shi.

Cikin saƙonnin da suka iso mini a wannan mako akwai na wata ɗaliba daga Maraɗi. Ga abin da ta ce: "Malam, an ba mu L'Enfant noir na Camara Laye mu karanta, sai nake ta cin karo da kalmomi irin su fût da eût, kowace da 'yar alama a ka. Na duba ƙamus ban same su ba. Na tambayi yayana da ke jami'a, ya ce in rabu da su, wai Faransancin mutanen da ne, ba mai yin sa yanzu. To Malam, in ba a yin sa, me ya kawo shi cikin littafin da aka ce mu karanta? In kuma ya fito a jarrabawa, yaya zan yi?"

Madalla da wannan tambaya, 'yata. Yayanki ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Abin da kika ci karo da shi sunansa imparfait du subjonctif. Tabbas da wuya ki ji shi a bakin direban tasi a Yamai ko mai sayar da burodi a birnin Paris. Amma yana nan daram cikin littattafai, littattafai kuwa su ne abincin ɗalibi. Don haka ga abin da nake so kowa ya riƙe daga darasin yau: ba a neman ku yi hira da wannan lokaci. Abin da ake nema shi ne ku gane shi in kun gan shi a rubuce, ku kuma iya rubuta shi daidai in malami ya karanto shi a shifta, wato dikte. Ga wanda ya san passé simple, wannan aikin yini ɗaya ne.

Mu fara daga gida

Ku dubi waɗannan jimloli uku na Hausa:

Sun zo.
Da gari ya waye, sai suka zo.
Ina so su zo.

A ta farko an gaya mana abin da ya faru. A ta biyu ma abin ya faru, sai dai ana jero shi ne cikin ba da labari. Aikin da "suka" ke yi a tatsuniya shi ne kusan aikin da passé simple ke yi a littafin Faransanci. A ta uku kuwa ba wanda ya zo tukuna. Zuwan yana cikin zuciyar mai magana ne kawai. Wannan "su zo" shi ne malaman nahawun Hausa ke kira lokaci umartau, kuma shi ne ɗan'uwan subjonctif. Ku ga yadda suke tafiya tare:

Ina so su zo: Je veux qu'ils viennent.
Dole su zo: Il faut qu'ils viennent.
Kafin su zo: Avant qu'ils viennent.
Don su zo: Pour qu'ils viennent.

Ba a ko'ina harsunan biyu suke dacewa ba. Misali, bayan bien que, wato "ko da yake", Bafaranshe yana sa subjonctif, mu kuwa "ko da yake sun zo" muke cewa. Amma a wurare da yawa kunnen Bahaushe zai yi muku jagora.

Yanzu mu mayar da maganar baya. "Yau ina so su zo" ta koma "Jiya na so su zo". Kun lura "su zo" bai motsa ba? Farkon jimlar ya riga ya gaya mana jiya ake nufi, don haka Hausa ba ta sake wahalar da kanta. Faransancin da ake magana da shi a yau ma haka yake yi: Je voulais qu'ils viennent. Sai dai Faransancin littafi yana da wata tsohuwar ƙa'ida mai suna concordance des temps, wato jituwar lokuta. Ƙa'idar ta ce idan aikatau na farkon jimla ya sa kayan jiya, to wanda ke biye da shi bayan que shi ma sai ya yi anko. Shi ya sa marubuci zai rubuta: Je voulais qu'ils vinssent. Ma'anar ba ta canja ko kaɗan ba. "Na so su zo" ɗin nan ce dai.

Yadda ake gina shi

Mataki uku ne kacal.

Na ɗaya: ku nemo passé simple na aikatau ɗin tare da tu. Misali: tu parlas, tu finis, tu fus, tu eus, tu vins.

Na biyu: ku cire s ɗin ƙarshe. Abin da ya rage shi ne saiwa: parla-, fini-, fu-, eu-, vin-.

Na uku: ku liƙa waɗannan ɗafa-ƙeya guda shida: -sse, -sses, -t, -ssions, -ssiez, -ssent. A wurin il ko elle, bayan kun sa t, sai ku ɗora wa wasalin saiwar alamar nan mai suna accent circonflexe. Yaran Faransa kan kira ta chapeau, wato hula. Mu a wannan fili malafa za mu kira ta, don da malafar makiyayi ta fi kama.

Ga parler:
que je parlasse
que tu parlasses
qu'il parlât
que nous parlassions
que vous parlassiez
qu'ils parlassent

Ga être:
que je fusse, que tu fusses, qu'il fût, que nous fussions, que vous fussiez, qu'ils fussent

Ga avoir:
que j'eusse, que tu eusses, qu'il eût, que nous eussions, que vous eussiez, qu'ils eussent

Ga venir:
que je vinsse, que tu vinsses, qu'il vînt, que nous vinssions, que vous vinssiez, qu'ils vinssent

Wajen furuci, eu ɗin da ke cikin eusse da eût sautinsa ɗaya da na j'ai eu, ba irin na feu ba. Shi kuwa vînt ana faɗinsa daidai da vingt, wato ashirin.

Abin daɗin shi ne ɗafa-ƙeyar ba ta canjawa, ko wane irin aikatau ne. Duk wahalar tana cikin passé simple, wanda muka riga muka wuce. Ƙananan abubuwa uku kawai zan ƙara. Aikatau irin su finir da choisir, imparfait ɗinsu da présent ɗinsu na subjonctif iri ɗaya ne a wuri biyar. A wurin il kaɗai suka rabu: qu'il finisse da qu'il finît. Aikatau haïr ba ya ɗaukar malafa, don yana da ɗigo biyu a ka tuntuni: qu'il haït. Sannan aikatau da ba su da passé simple, irin su traire da distraire, ba su da wannan lokaci sam.

Gidaje huɗu

Da ma duk passé simple gida huɗu ya kasu, don haka wannan ma huɗu ne. Zan ba ku siffar il kaɗai, domin ita ce za ku fi haɗuwa da ita nesa ba kusa ba. Dalili kuwa a fili yake: mai ba da labari yawanci labarin wani yake bayarwa, "ya yi kaza", "ta ce kaza".

Gidan a, na duk aikatau masu ƙarewa da -er: qu'il allât, qu'il donnât, qu'il mangeât, qu'il commençât.

Gidan i: qu'il fît daga faire, qu'il prît daga prendre, qu'il dît daga dire, qu'il vît daga voir, qu'il mît daga mettre, qu'il écrivît daga écrire, qu'il naquît daga naître.

Gidan u: qu'il pût daga pouvoir, qu'il voulût daga vouloir, qu'il sût daga savoir, qu'il dût daga devoir, qu'il reçût daga recevoir, qu'il vécût daga vivre, qu'il mourût daga mourir.

Gidan in, na venir da tenir da 'ya'yansu: qu'il tînt, qu'il devînt, qu'il revînt, qu'il obtînt.

Nan ne amsar abin da ya ɗaure wa 'yata ta Maraɗi kai. Ƙamus bai ƙi ki ba, 'yata. Shi dai a ƙarƙashin infinitif yake ajiye aikatau. In kin ga baƙuwar kalma da malafa da t a ƙarshe, ki cire malafar, sai passé simple ya bayyana, daga nan ki bi sawu zuwa gida: fît, fit, faire. In a gidan a ne, ki cire malafar da t ɗin duka: donnât, donna, donner. Ki yi hattara da vît. Na voir ne, wato gani. Kada ki kai shi gidan vivre saboda il vit. Na vivre shi ne vécût.

Ina malafar ta samo asali?

Ba ado ba ce. Shaida ce ta wani harafi da ya tafi. A da Faransawa fust suke rubutawa, da parlast, da s a ciki, irin s ɗin da kuke gani har yanzu a fusse da parlasse. Sannu a hankali aka daina furta shi, amma aka ci gaba da rubuta shi shekara da shekaru. A bugu na uku na ƙamusun Académie française, wanda ya fito a 1740, aka cire wannan s daga kalmomi masu yawa aka ɗora malafa a madadinsa. Haka forest ta zama forêt, hospital ta zama hôpital, feste ta zama fête. Ɗalibanmu na Najeriya za su lura cewa Ingilishi, wanda ya ari waɗannan kalmomi tun da daɗewa, har gobe yana riƙe da s ɗin a forest da hospital.

A 1990 an yi gyaran ƙa'idojin rubutun Faransanci, aka yarda mutum ya bar malafa a kan i da u a kalmomi da yawa, ya rubuta cout maimakon coût, ko ile maimakon île. Wasu ɗalibai da suka ji wannan labari sai suka ɗauka an yafe musu malafa gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Gyaran bai taɓa malafar fût da eût da vînt ba, domin ita aiki take yi.

Tarkon da ke cinye maki

Aikin nata shi ne raba tagwaye. Ku dubi waɗannan:

il fut da qu'il fût
il eut da qu'il eût
il fit da qu'il fît
il vint da qu'il vînt

Na hagu passé simple ne: abin ya faru. Na dama subjonctif ne. A kunne ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra. A takarda malafa ce kaɗai ta raba su.

Ni kaina wannan tarko ya taɓa kama ni. Ina ɗan sakandare, malaminmu ya karanto mana shifta, a ciki akwai wata jimla a kan makiyayin da ya tsaya jiran garkensa ya gama shiga: Le berger attendit que le troupeau fût rentré. Na rubuta fut, ba malafa. Da aka dawo da takardu sai na ga ya zabtare mini maki irin na babban kuskure. Na bi shi har ofis na ce, "Malam, ai alama ce kawai na manta." Ya dube ni ya ce ba alama na manta ba, lokaci na sauya: na ce garken ya shiga, alhali marubucin cewa ya yi ana jira ya shiga. Na fito raina a ɓace, amma tun daga ranar ban sake wannan kuskure ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne Hausa ma tana da irin waɗannan tagwaye, sai dai a juye. Ku karanta da ƙarfi:

Na ji ya zo.
Ina so ya zo.

A takarda "ya zo" ɗaya ce. A baki kuwa daban suke: ta farko kun ja "ya" kun ɗaga murya, ta biyu kun gajarta kun sauke. Mu kunne ke rabawa, ido bai gani. Faransawa ido ke rabawa, kunne bai ji.

To, yaya Bahaushe zai tabbatar wa kansa wace "ya zo" ce a rubuce? Sai ya mayar da ita jam'i. "Na ji sun zo." "Ina so su zo." Nan take asiri ya tonu. Wannan dabara ita ce za ta fisshe ku a Faransanci. Jam'in fut shi ne furent, jam'in fût kuwa fussent, su kam kunne yana raba su.

Dabara ta biyu ta fi sauƙi ma. Ku ɗauke kalmar da kuke shakka, ku gwada sa subjonctif présent a wurinta. In ya zauna, to a sa malafa. In bai zauna ba, a bar kai a buɗe.

Bien qu'il fût malade, il alla au champ. Wato: ko da yake ba shi da lafiya, ya tafi gona. Mu gwada: bien qu'il soit malade. Ya zauna. Malafa ta dace.

Quand il fut guéri, il alla au marché. Wato: da ya warke, sai ya tafi kasuwa. Mu gwada: quand il soit guéri. Bai zauna ba. Babu malafa.

Kada kuma ganin que ya ruɗe ku. Ba kowane que ke jawo subjonctif ba. Il courut si vite qu'il fut le premier: ya yi gudu sosai har ya zo na ɗaya. Ya zo ɗin da gaske, don haka fut ne, ba malafa. Haka bayan dès que da lorsque da après que. Ku kwatanta waɗannan biyun da kyau, domin masu shirya shifta suna ƙaunarsu:

Après qu'il eut fini, la cloche sonna. Bayan da ya gama, sai aka kaɗa ƙararrawa.
Avant qu'il eût fini, la cloche sonna. Kafin ya gama, sai aka kaɗa ƙararrawa.

A ta farko yaron ya gama. A ta biyu bai gama ba aka karɓe takarda. Ku gwada jam'i a Hausa ku gani: "bayan da suka gama", amma "kafin su gama". Inda Hausa ta ce "suka", babu malafa. Inda ta ce "su", akwai ta.

Wannan eût fini da kuka gani yana da nasa suna, plus-que-parfait du subjonctif, amma ba sabon abu ba ne: avoir ko être ne a lokacin da muka koya yau, sai a bi shi da participe passé. Fût rentré na shiftata ma shi ne.

Inda za ku same shi

Duk inda subjonctif ke shiga, in dai labarin na baya ne kuma harshen na littafi ne. Ga manyan ƙofofinsa.

Bayan so, umarni ko wajibci: Le chef ordonna qu'on ouvrît les greniers. Sarki ya ba da umarni a buɗe rumbuna. Il fallait qu'elle partît avant l'aube. Dole ne ta tafi kafin asuba.

Bayan tsoro, murna ko shakka: La mère craignait que l'enfant ne tombât. Uwar tana tsoron kada yaron ya faɗi. Wannan ne da ke gaban tombât ba korewa ba ce; ba shi da pas a bayansa, kuma ba ya sauya ma'ana.

Bayan mahaɗai irin su pour que, afin que, avant que, sans que, bien que, quoique, jusqu'à ce que: Il sortit sans qu'on le vît. Ya fita ba tare da an gan shi ba. Elle pila le mil jusqu'à ce qu'il fît nuit. Ta yi ta dakan gero har dare ya yi.

Akwai kuma wasu 'yan maganganu da suka daskare da wannan lokaci a cikinsu, waɗanda har yau za ku gan su a jarida ko ku ji su a jawabin manya:

Ne fût-ce que, wato "ko da kaza ne kawai": Lis chaque jour, ne fût-ce qu'une page. Ka riƙa karatu kullum, ko da shafi ɗaya ne.

Fût-il, wato "ko da kuwa shi kaza ne": Nul homme, fût-il roi, ne peut arrêter la pluie. Ba mai iya tsayar da ruwan sama, ko da kuwa sarki ne.

Dussé-je, wato "ko da zai kama in yi kaza": Je finirai ce livre, dussé-je veiller toute la nuit. Sai na gama littafin nan, ko da zan kwana ban runtsa ba.

On eût dit, wato "sai ka ce": On eût dit un lion. Sai ka ce zaki. A nan eût daidai yake da aurait. Duk inda kuka ga il eût voulu ko il fût venu ba que a gabansu, ku gwada karanta su il aurait voulu da il serait venu, ma'ana za ta fito.

To, shin ya mutu?

A baki, kusan haka ne, kuma an daɗe da lura da hakan. Tun a 1901 ministan ilimin Faransa na lokacin, Georges Leygues, ya sa hannu a kan wata doka da ta ce kada a ɗauka kuskure ne in ɗalibi ya sa présent maimakon imparfait du subjonctif bayan conditionnel. A watan Disamba na 1976 wani ministan, René Haby, ya faɗaɗa sassaucin ya haɗa har da jimlolin da suka fara da lokacin baya. Wato a jarrabawar Faransa ita kanta, Je voulais qu'il vienne ba kuskure ba ne. Abin lura shi ne 'yan'uwan Faransanci ba su yar da nasu ba. A Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal, wannan lokaci yana cikin maganar yau da kullum har a kasuwa.

Siffofin da suka fara faɗuwa a Faransanci su ne masu nauyi a baki, irin su que nous mangeassions da que vous parlassiez. In ka ce wa abokinka Je voulais que tu m'aidasses, dariya zai yi maka. Amma fût da eût da pût gajeru ne, ba sa damun kunne, shi ya sa marubuta suka riƙe su.

Marubutan kuwa su ne waɗanda ke cikin jakarku. Akwai na Faransa irin su Molière da La Fontaine da Victor Hugo, mai Les Misérables na 1862. Akwai kuma namu na Afirka da suka rubuta labaransu da Faransancin littafi: Camara Laye ɗan ƙasar Gini, wanda L'Enfant noir ɗinsa ya fito a 1953, da Cheikh Hamidou Kane ɗan Senegal, mai L'Aventure ambiguë na 1961. Ɗalibin da ke tuntuɓe a kan kowane fût ba zai ji daɗin waɗannan littattafai ba, kuma in aka ba shi yanki daga cikinsu aka ce ya faɗi lokacin aikatau da aka ja wa layi, zai rubuta passé simple ya yi asarar makin da ke hannunsa.

Shawarata ga masu shirin WAEC ko NECO a Najeriya, da masu shirin BEPC ko BAC a Nijar, ita ce: a wasiƙa da insha'i da hira, ku tsaya a kan subjonctif présent, ku iya shi sosai. Daidai ne, kuma ya wadatar. In kana rubuta labari da passé simple, kuma ka tabbata da kanka, kana iya sa fût ko eût ko pût a wurin da ya dace. In kana shakka, bar shi. Gara soit da ke daidai da fût da aka ɗora a inda ba muhallinsa ba.

Aikin gida

Na ɗaya. An cire duk malafun da ke cikin waɗannan jimloli. Ku mayar da su inda suka dace, amma ku sani ba kowace jimla ke buƙata ba.
1. Mon père voulait que mon frère fut médecin.
2. Dès qu'il eut mangé, il sortit.
3. Elle partit sans que sa mère la vit.
4. Il parla si bas que personne ne comprit.
5. Bien qu'il sut la réponse, il se tut.

Na biyu. Ku mayar da waɗannan zuwa Faransancin yau da kullum, sannan ku fassara su da Hausa.
1. Il fallait qu'elle prît le premier car.
2. Nous attendions que la pluie cessât.
3. Le maître exigea que chacun écrivît son nom.

Na uku. Ku jero donner, choisir, pouvoir da tenir a imparfait du subjonctif, duk siffofi shida.

Na huɗu. Ku buɗe duk wani littafin labari na Faransanci da ke kusa da ku, ku nemo aikatau biyar masu malafa da t a ƙarshe, ku rubuta infinitif ɗin kowanne, da kalmar da ta jawo shi. Ku kula, il plaît da il connaît ma suna da malafa da t, amma su présent ne. Dabarun nan biyu za su tona su.

Amsoshin makon jiya

1. il alla 2. il fit 3. ils virent 4. elle naquit 5. nous vécûmes. Da yawa sun manta malafar vécûmes. Ita ma dole ce, amma ta passé simple ce, wadda ke zuwa a wurin nous da vous. Kada ku haɗa ta da ta yau, wadda ke zuwa a wurin il da elle.

'Yata ta Maraɗi, ki koma wa littafinki da fensir a hannu, ki kuma nuna wa yayanki wannan shafi. Sauran ɗalibai, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Matambayi ba ya ɓata. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba si da lokutan da ke bin sa. Sai mun haɗu.